Daga fitilun Kirsimeti zuwa fitilun 'yan majalisa: Yadda kwamfuta ke sarrafa haske, da abin da ya shafi arewacin Zamfara

A ƙarshen kowace shekarar Miladiyya, bidiyon wasu gidaje na Amurka da Turai kan cika Facebook da TikTok. Dubban fitilu a jikin bango da rufi da itatuwa suna kamawa suna mutuwa, suna sauya launi daidai da bugun sauti, kamar akwai makaɗin da suke bi. Ado ne na bikin Kirsimeti, kuma galibin masu yin sa magidanta ne da suka koyi haɗa waya da tsara umarnin kwamfuta a lokutan hutunsu.

Matashin da ya kalli irin wannan bidiyo a Ƙaura Namoda ko Shinkafi ko Zurmi, inda ake iya shafe kwanaki ba a ga ƙyallin wutar Nepa ba, zai iya cewa wannan wasa ne na waɗanda suka ƙoshi da lantarki. Da can haka abin yake. Amma a 'yan shekarun nan kayan sun yi arha, cin wutarsu ya ragu har ƙaramin batir da farantin sola guda sun isa su riƙe adon ƙofar gida. Abu mafi muhimmanci ga mai bibiyar siyasa shi ne, irin wannan fasaha ce ke cikin fitilun sola da 'yan majalisa ke kafawa a tituna da sunan ayyukan mazaɓu. Duk wanda ya iya lissafin adon fitilu, ya samu ma'aunin da zai auna waɗancan ayyuka da shi.

Inda abin ya samo asali

A watan Disamba na 1882, Edward Johnson, abokin aikin Thomas Edison, ya rataya ƙwayayen lantarki 80 masu launin ja da fari da shuɗi a jikin itacen Kirsimeti a gidansa da ke birnin New York. Ana ɗaukar wannan a matsayin farkon adon Kirsimeti da wutar lantarki. Kafin nan kyandir ake kunnawa a jikin itacen, abin da ya sha jawo gobara.

Musulmi ma suna da tasu daɗaɗɗiyar al'adar. Tun ƙarni na 17, a birnin Istanbul na daular Usmaniyya, ana ɗaura igiyoyi tsakanin hasumiyoyin manyan masallatai a watan Ramadan, a jera fitilun mai a jikinsu ta yadda daga nesa za a karanta kalma ko jimla a sararin sama. Turkawa na kiran wannan sana'a mahya, kuma har yau ana yin ta, sai dai da ƙwan lantarki. Dabarar masu mahya ita ce dabarar allon wayar hannu: a tara ƙananan ɗigogin haske, a ba kowane ɗigo matsayinsa, sai idon mai kallo ya haɗa su su zama rubutu. A 2023 kuma aka fara ƙawata wani titi a tsakiyar birnin Landan da fitilun Ramadan kimanin 30,000.

Shigowar kwamfuta cikin adon gida ta shahara ne a 2005, lokacin da bidiyon gidan wani injiniyan lantarki mai suna Carson Williams, a garin Mason na jihar Ohio, ya bazu a intanet. Ya raba dubban ƙwayayensa zuwa layuka 88, kwamfuta na kunna kowane layi a daidai lokacin da sautin waƙa ya buƙata. Sautin kuma yana fita ne ta ƙaramar tashar rediyon FM da ya haɗa, domin masu kallo su saurara a cikin motocinsu ba tare da an dami maƙwabta ba. Cunkoson motoci ya yi yawa a unguwar har aka samu haɗari, ya dakatar da adon a watan Disamba na shekarar.

A zamanin Williams, kwamfuta na iko ne da layi, wato tarin ƙwayaye da ke kamawa tare su mutu tare. Yau tana iko da kowane ƙwai shi kaɗai. Abin da ya kawo wannan sauyi shi ne ƙwan LED, musamman bayan da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, 'yan asalin Japan, suka samar da shuɗin LED mai ƙarfi, aikin da ya ba su kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2014. Da samun shuɗi a kan ja da kore da ake da su, sai kowane launi ya samu, har da fari.

Kayan aiki guda huɗu

Kowane adon fitilu mai aiki da kwamfuta, babba ne ko ƙarami, ya ƙunshi abubuwa huɗu.

Na farko su ne ƙwayayen. Waɗanda aka fi amfani da su ana sayar da su da lambar WS2811 ko WS2812B, ko dai a jere a kan tsiri mai kama da ɗamara, ko a igiya mai ƙwai hamsin-hamsin. A cikin kowane ƙwai akwai ƙananan fitilu uku, ja da kore da shuɗi, da wani ɗan guntun lantarki mai karɓar umarni. Kowane launi yana da matakan haske 256, daga mutuwa zuwa cikakken haske. In aka ninka 256 sau uku a kanta, za a samu launuka 16,777,216. Yadda ƙwan ke rage haske abin lura ne: yana kunnuwa yana mutuwa ne sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda, da saurin da ido ba ya iya kamawa. In rabin lokacin a kunne yake, ido zai ga haske mai rauni, wutar da aka ci kuma ta ragu da kusan rabi.

Na biyu ita ce 'yar ƙwaƙwalwa, wato ƙaramar kwamfuta da tsawonta bai wuce babban yatsa ba sosai. Allon Arduino, wanda aka ƙirƙira a garin Ivrea na Italiya a 2005 domin ɗalibai, shi ya buɗe wa talakawan masu sha'awa wannan ƙofa. Yanzu an fi raja'a ga ESP32 na kamfanin Espressif da ke Shanghai, wanda ya fito a 2016, saboda yana ɗauke da waifai a jikinsa kuma wutar da yake ci ba ta kai wat ɗaya ba a yawancin lokaci.

Na uku ita ce manhaja. Ga mai farawa, akwai WLED, manhajar kyauta da ake zubawa a cikin ESP32 ta wayar USB, sannan a riƙa zaɓen launi da salon motsi daga wayar hannu. Mai son fitilu su bi sauti daki-daki yana amfani da xLights, ita ma kyauta ce, a kan kwamfutar tafi-da-gidanka. A cikinta ake zana siffar gidan, a nuna inda kowane ƙwai yake, a shimfiɗa sautin, sannan a tsara abin da zai faru a kowane ɗan taƙin lokaci. Ba dole sai da kiɗa ba. Ana iya sa fitilu su bi ƙasida ko bege, ko su riƙa rubuta barka da Sallah a shiru.

Na huɗu ita ce wutar kanta, kuma a nan ne yawancin masu farawa ke tuntuɓe.

Yadda saƙo ke tafiya a cikin igiyar yana da sauƙin fahimta. Waya uku ce ke ratsa ƙwayayen: biyu na wuta, ɗaya ta saƙo. 'Yar ƙwaƙwalwa kan aiko da dogon jerin lambobi ta wayar saƙo. Ƙwai na farko ya ɗebi rabonsa ya miƙa saura ga na biyu, na biyu ya ɗebi nasa ya miƙa gaba, kamar yadda ake miƙa ƙwaryar fura a zaure kowa ya kurɓa ya ba na kusa da shi. Saƙon ƙwai guda na ɗaukar kashi 30 cikin miliyan na daƙiƙa, saboda haka a cikin daƙiƙa ɗaya ana iya sauya kamannin ƙwayaye kusan 800 har sau 40. Illar wannan tsari ita ce, in ɗan guntun ƙwai guda ya ƙone a tsakiya, duk na bayansa za su daina jin umarni har sai an yanke shi an haɗa igiyar.

Lissafin wuta

Lissafi ɗaya ne ginshiƙin wannan aiki gaba ɗaya. Wat shi ne ma'aunin cin wuta, kuma ana samun sa ne in an ninka bolt, wato ƙarfin turawar wuta, da amfiya, wato yawan wutar da ke gudana. In aka ninka wat da awannin aiki, an samu abin da batir zai biya.

Ƙwan WS2812B yana aiki da bolt 5, kuma in ya ba da cikakken fari yana cin kimanin kashi uku cikin goma na wat ɗaya. Ƙwai 200, waɗanda suka isa su zagaye ƙofar zaure da tagogi biyu, za su ci wat 60 in duk aka buɗe su fari fat. Da daddare babu mai buƙatar haka. In aka rage haske zuwa kashi ɗaya cikin uku, ana kuma sauya launuka, cin wutar ba zai wuce wat 20 ba. Awa huɗu, daga bayan Magariba zuwa wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ya zama wat-awa 80.

Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 20 yana ɗauke da wat-awa 240. In na ruwa ne ko danginsa masu dalma, ƙa'ida ita ce kada a zuƙe fiye da rabinsa in ana son ya yi ƙarko, wato wat-awa 120. Ya isa, har da rara. Farantin sola mai wat 50 kuma, a yankin da ke samun abin da ya kai awa biyar na rana mai ƙarfi kamar arewacin Zamfara, zai iya tara wat-awa 250 a takarda. Ko an cire kashi uku cikin goma na asarar zafi da waya da caji, saura ya ninka abin da ake buƙata.

A kwatanta da tsofaffin ƙwayayen ado masu zaren ƙarfe, waɗanda kowane ke cin wat 5. Guda 200 za su ci wat 1,000, fiye da ƙarfin ƙaramin janareton da ake gani a shagunan aski da caji.

Yadda ake haɗawa

Ana farawa ne da takarda da biro. A auna tsawon wurin, a ƙidaya ƙwayaye, a yi lissafin mafi girman wutar da za su iya ci, sannan a sayi kayan da suka fi ƙarfin wannan lissafi. Wat 60 a kan bolt 5 amfiya 12 ke nan, wuta ce da za ta narkar da siririyar waya. Saboda haka ana buƙatar na'urar rage bolt daga 12 zuwa 5 mai ɗaukar fiye da haka, da waya mai kauri, da fiyus a kusa da bakin batir. Batir ba ya fizgar mutum kamar wutar Nepa, amma in wayoyinsa biyu suka haɗu yana iya tayar da gobara cikin daƙiƙu, ballantana a gidan da ke da rumfar kara ko zana.

Matsala ta biyu ita ce raunin wuta a doguwar igiya. Ƙwayayen farko za su yi fari tas, na ƙarshe su koma ja-ja ko ruwan ɗorawa, domin bolt na raguwa yayin da wuta ke ratsa waya. Maganinsa shi ne a ja wata wayar wuta daga tushe a shigar da ita bayan kowane ƙwai 50 zuwa 100. Akwai ƙwayaye masu bolt 12 da ke jure nisa fiye da masu bolt 5, sai dai sun fi su ɓarnar wuta, abin da ya kamata mai dogaro da sola ya auna.

Ta uku ita ce wayar saƙo. ESP32 na magana da bolt 3.3, ƙwayayen kuma sun fi jin bolt 5, don haka akan sa wani ɗan guntu a tsakani mai ɗaga ƙarfin saƙon. Wajibi ne kuma baƙar wayar 'yar ƙwaƙwalwa da ta ƙwayaye su haɗu wuri guda. Mafi yawan fitilun da ke firgita suna ba da launin da ba a umarce su ba, daga nan matsalarsu take. Igiyar tana da gaba da baya, akwai 'yar kibiya a jikinta, in aka juya ta ba za ta kama ba.

Sai yanayi. Ƙurar hunturu, zafin bazara da ke haura digiri 40, da iskar farkon damina duk abokan gabar kayan lantarki ne. A sa batir da 'yar ƙwaƙwalwa a akwati mai inuwa da mashigar iska, a like mahaɗar wayoyi da dalma a rufe su, a gwada komai a ƙasa kafin a hau tsani. Wanda kuma bai koyi aikin wutar bolt 230 ta Nepa ko janareto ba, ya bar wa gwanaye wannan ɓangaren.

Darasin 2021 da na 2024

Mai tsara irin wannan aiki a Ohio yana ɗauka cewa wuta da intanet suna nan kullum. A arewacin Zamfara tarihin 'yan shekarun nan ya nuna akasin haka.

A farkon watan Satumba na 2021, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanonin waya su rufe layukansu a faɗin jihar Zamfara domin yaƙi da 'yan bindiga. Aka shafe makonni babu kira babu intanet, kuma ƙananan hukumomin da ke wajen Gusau sun fi daɗewa a cikin wannan hali. A daidai lokacin an rufe kasuwannin mako, an kuma hana sayar da fetur a jarka, matakin da ya taɓa duk mai janareto. Bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kunna janareto don ado ya zama almubazzaranci a idon kowa. A watan Oktoba na 2024 kuma, bayan lalata layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna da faɗuwar wani layin da ke kawo wuta daga kudu, yawancin jihohin Arewa suka kwana fiye da mako a duhu, har da Zamfara, wadda ke ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna tare da jihohin Kaduna da Sakkwato da Kebbi.

Abin da wannan ke koya wa mai haɗa kaya shi ne ya gina abin da zai tsaya da ƙafarsa. ESP32 na iya buɗe nasa waifai na cikin gida, wayar hannu ta haɗu da shi kai tsaye ba tare da data ko layin kamfani ba. WLED na adana salon da aka zaɓa a cikin allon, ya tashi da shi da zarar an ba shi wuta. Kayan da sai sun tuntuɓi wata kwamfuta a ƙasar waje kafin su kunna fitila, kamar yadda wasu fitilun zamani na kanti suke, ba su dace da garin da aka taɓa yanke wa layi na tsawon makonni ba.

Fitilar kan titi 'yar uwar fitilar ado ce

In aka kwance fitilar sola ta kan titi, za a tarar da dangin kayan nan: faranti, batir, ƙwayayen LED, da 'yar ƙwaƙwalwa da masu gyara ke kira kwantirola. Ita ce ke lura da ƙarfin wutar da ke fitowa daga faranti. In ya faɗi, ta san rana ta faɗi, sai ta kunna fitila. Ita ce ke rage haske a tsakar dare ta hanyar kunnawa da kashewa cikin sauri, ita ce ke ƙara shi in na'urar jin motsi ta hangi mai wucewa, ita ce kuma ke kashe komai in batir ya kusa ƙarewa.

Maƙudan kuɗin jama'a na tafiya a kan waɗannan fitilu. A 2025, ƙungiyar BudgIT mai bin diddigin kasafin kuɗi ta ce Majalisar Tarayya ta cusa ayyuka 11,122 na kimanin naira tiriliyan 6.93 a kasafin shekarar, daga cikinsu 1,477 na fitilun kan titi ne, a kan kuɗi kusan naira biliyan 393. Dalilin farin jinin fitilun a wurin 'yan siyasa ba ɓoyayye ba ne. Ana kafa su cikin kwanaki, ana ganin su daga nesa, ana rubuta sunan mai gida a jikin turke, kuma ba kowa ya san ainihin kuɗinsu ko ingancinsu ba. Ranar ƙaddamarwa kowace fitila na haske. Wata shida bayan nan ne ake bambance aya da tsakuwa.

Lissafin da aka yi wa adon ƙofa shi ne zai tona asirin fitilar banza. Farantin sola mai kyau ba ya ba da fiye da kimanin wat 200 a kan kowace murabba'in mita. Farantin da faɗinsa rabin mita ne, tsawonsa rabin mita, rubu'in murabba'in mita ke nan, wato wat 50 in ya yi ƙoƙari. A awa biyar zai tara wat-awa 250. In aka raba wannan a kan awa 12 na dare, abin da fitilar za ta iya bayarwa bai wuce wat 20 da 'yan kai ba. Duk lambar da aka buga a kwali, ko 300 ce ko 500, ba za ta sauya wannan ba. Haka batir: fitila mai wat 60 da ake so ta kwana da cikakken haske tana buƙatar wat-awa 720, alhali batirin lithiyam mai bolt 12.8 da amfiya-awa 30 yana ɗauke da 384 ne kawai. Irin wannan fitila ko dai a tsara mata rage haske, ko ta mutu tun kafin asuba, lokacin da masu zuwa masallaci da masu sammakon kasuwa suka fi buƙatarta.

Fitilu da yawa kuma ba lalacewa suka yi ba. Ƙurar hunturu ce ta lulluɓe farantin, batir ya daina cika, kwantirola ta riƙa kashewa da wuri. Tsumma da ruwa da tsani sun isa su dawo da su, amma da wuya a ga kwangilar da ta tanadi wanda zai riƙa yin wannan.

Tambayoyin da matashi zai iya yi

Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, tare da Birnin Magaji, su ne mazaɓar sanatan Zamfara ta Arewa. A Majalisar Wakilai, Shinkafi da Zurmi na da kujera ɗaya, Ƙaura Namoda da Birnin Magaji na da ɗaya. Duk fitilar da aka kafa da sunan ɗaya daga cikin waɗannan kujeru, ko da sunan jiha ko ƙaramar hukuma, akwai tambayoyin da suka halatta a kanta. Fitila nawa aka rubuta a kasafi, nawa aka kafa? Wace hukuma ce ta ba da kwangilar, kuma nawa aka biya a kan kowane turke? Wat nawa ne farantin, wane irin batir ne, amfiya-awa nawa? Shekara nawa ne garantin, kuma wa za a kira in ta mutu?

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman irin waɗannan takardu daga hukumomin gwamnatin tarayya, ta kuma ba su kwana bakwai su amsa. Hukumar ICPC na da shirin bin diddigin ayyukan mazaɓu tun 2019, BudgIT kuma na da dandalin Tracka da ke karɓar rahoton jama'a. Ƙorafin da ya ce fitilun unguwa sun mutu abu ne da jami'i zai iya shashantarwa. Wanda ya zo da adadin turaku, da awon faranti, da lokacin da kowace fitila ke mutuwa a dare bakwai a jere, ya fi wuyar turewa.

Akwai kuma babbar tambaya ta manufa. Gyaran tsarin mulki na Maris 2023 da Dokar Lantarki da aka sa wa hannu a Yunin shekarar sun ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta a cikin iyakokinsu. Fitilar kan titi na haskaka hanya, amma ba ta juya injin niƙa, ba ta sanyaya allurar rigakafi, ba ta tayar da injin walda. Masu zaɓe na da haƙƙin tambayar ko kuɗin da ake warwatsawa a kan turaku ba zai fi amfani ba in an tara shi a ƙaramar tashar sola da za ta ciyar da kasuwa ko asibiti.

Haske da tsaro

A yankin da hare-haren 'yan bindiga suka raba dubban mutane da ƙauyukansu, maganar haske da daddare ba ta rabuwa da maganar tsaro. Wani gwaji da aka yi a rukunin gidajen gwamnati na birnin New York a 2016 ya nuna cewa ƙarin fitilu ya rage manyan laifukan da ake yi a waje da dare da kimanin kashi 36 cikin ɗari. Amma wancan bincike ne a kan ɓarayi da masu ƙwace na cikin birni. Babu fitilar da za ta tare ayarin babura ɗauke da bindigogi, kuma bai kamata a bar wani ɗan siyasa ya gabatar da turaku a madadin jami'an tsaro ba.

Adon fitilu ma yana da nasa hukuncin. Haske mai walƙiya a gidan da ke bakin gari na iya nuna wa mugu inda ake da hali, kuma yana tara jama'a a lokacin da wataƙila hukuma ta taƙaita zirga-zirga. Hikima ita ce a yi shi a tsakiyar gari, a wurin da jama'a suka saba taruwa kamar makarantar Islamiyya a lokacin Mauludi ko saukar karatu, ƙofar fada a ranakun Sallah, ko harabar coci a lokacin Kirsimeti, da sanin mai unguwa da masu kula da tsaron wurin, a kuma tsara wa kwantirola lokacin kashewa. Walƙiya mai tsananin sauri na iya tayar wa wasu masu farfaɗiya da ciwonsu, don haka salon da ke sauyawa a hankali ya fi dacewa da taron jama'a.

Sana'ar da ke jiran masu ita

Ƙaura Namoda ta san abin da fasahar da ta zo daga nesa ke iya yi wa gari. Isowar layin dogo a 1929 ya mayar da ita matattarar gyaɗa da auduga. Tun 1983 kuma take da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, inda ake koyar da injiniyancin lantarki da ilimin kwamfuta. A kowace kasuwa ta yankin akwai masu gyaran waya da rediyo da suka riga suka iya riƙe dalma da mitar awon wuta. Tazarar da ke tsakanin gyaran wayar hannu da gyaran kwantirolar sola ba ta da yawa.

Igiyar ƙwai hamsin da allon ESP32 da ƙaramin batir makaranta ce mai arha. Ɗalibin da ya haɗa su ya ga launi ya dusashe a ƙarshen igiya, ya koyi raunin bolt da idonsa. Wanda batirinsa ya mutu ƙarfe tara ya koyi lissafin wat-awa ta hanyar da ba zai manta ba. Da wannan ilimi ake sarrafa famfon rijiyar burtsatse mai sola, da firjin magani, da ƙararrawar gargaɗi ta unguwa. Ƙananan hukumomin yankin na iya ɗaukar irin waɗannan matasa su ƙidaya fitilun da ke ƙasarsu, su wanke faranti, su sauya batir, a kan kuɗin da bai kai na sababbin turaku ba. Ƙungiyoyin ɗalibai da na matasan unguwa kuwa ba sa buƙatar jiran izinin kowa kafin su fara ƙidayar: littafi guda, da ma'aunin tela, da zagayen dare bakwai a titunan da ke da aminci sun isa su fitar da rahoton farko.